Tsayin Kyamara da Zaman Tabarma: Sharhi kan Nau'o'in Ɗauka a Fim

Wani ƙanena da ke sana'ar ɗaukar bidiyon biki a Birnin Kebbi ya taɓa neman in raka shi wurin ɗaukar wani gajeren wasan kwaikwayo da suka shirya da abokansa. Fitowar ranar mai sauƙi ce: saurayi zai shigo zaure ya gaida mahaifinsa, ya faɗa masa ya bar makaranta. Wanda ya fito a uban wani dattijon unguwa ne mai kwarjini, irin wanda in ya yi gyaran murya yara ke shiga taitayinsu. Aka shimfiɗa masa tabarma da buzu, ya zauna ya jingina da bango. Ƙanen nawa ya zare ƙafafun kyamara har ƙarshensu, ya kafa ta daidai idonsa yana tsaye, ya sunkuyar da kanta ƙasa. Aka ɗauka har sau uku. Da muka duba a ɗan allon kyamarar, sai ga dattijon ya koma ɗan mitsitsi a gindin bango, saman hularsa aka fi gani, kai ka ce shi ne mai laifin da ya zo ba da haƙuri. Shi ma ya leƙa, ya girgiza kai ya ce, "Kai ɗana, wa yag gaya maka ana tsayuwa bisa kan dattijo? Zamna ƙasa ka ɗauke ni."

Aka naɗe ƙafafun kyamarar, aka ɗora ta a kan kujerar tsuguno. Kalma ɗaya ba a canja a maganar ba, 'yan wasan ma su ne dai. Amma da aka sake kallo, uban ya cika hoton, kafaɗunsa da rawaninsa sun tsaya daram, saurayin kuma da ya durƙusa sai ya zo daidai inda ɗa ya kamata ya tsaya a gaban mahaifinsa. Tun daga ranar na daina ɗaukar maganar nau'o'in ɗauka a matsayin haddar sunaye. Duk inda aka kafa kyamara, an zaɓa wa mai kallo wurin zama, an kuma faɗa masa wane ne babba, wane ne ƙarami, tun kafin kowa ya buɗe baki.

Sunayen da 'yan fim ke jefa wa juna a lokeshan suna da yawa, amma in aka tankaɗe su, kan abu uku suke komawa: nisan kyamara da abin da take ɗauka, tsayinta, da kuma ko tana tsaye ne ko tana motsi.

A fara da nisa. Fina-finan farko da 'yan'uwan nan biyu, Ogust da Luwi Lumiye, suka haska wa jama'a a birnin Paris a watan Disamba na 1895, ɗauka guda ce kowannensu: a kafa kyamara wuri ɗaya, a bar ta ta kalli ma'aikata suna fitowa daga masana'anta, cikin abin da bai kai minti ɗaya ba an gama. Mai kallo yana hangen komai daga nesa kamar wanda ya tsaya a bakin hanya. Sai daga baya masu shirya fim suka gane ana iya yanka labari gunduwa-gunduwa, a matso a wani wuri, a ja baya a wani, a ɗinke su. Daga nan aka sami ɗaukar nesa, ɗaukar tsaka-tsaki da ɗaukar kusa, waɗanda a bakin matasanmu za ka ji ana kiransu wayid, midiyam da kulozof.

Babu inda ya fi dacewa a fahimci waɗannan kamar bakin kogin Matan Fada a ranar bikin kamun kifi na Argungu. Bikin nan ya samo asali ne daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai Argungu a 1934, wadda ta rufe babin gaba tsakanin Kabi da Sakkwato, kuma a 2016 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin al'adun da duniya ke alfahari da su. Mai ɗaukar hoto da ya je can dole ya fara da ɗaukar nesa mai faɗi: dubban masunta a jere da gorunansu da homa, ƙura ta tashi, a ba da alama su kwasa a guje su faɗa ruwa. Wannan ita ce ɗaukar gabatarwa, mai gaya wa mai kallo ga wurin, ga lokacin, ga yawan jama'a. A cikinta mutum ɗaya bai fi ƙwayar gero ba. Tana da kyau ƙwarai, amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Wanda ya cika minti goma da ita kaɗai zai gajiyar da mai kallo, don ido yana ganin taro, zuciya kuwa mutum guda take bi.

Saboda haka sai a matso a ware masunci ɗaya, a ɗauke shi daga kai har ƙafa, yana kwance a kan gora yana lalube da homa. Ita ce cikakkiyar ɗauka, mai nuna jiki duka da abin da yake yi. Ita ta dace da duk wani abu da ƙafa ke da magana a cikinsa: kokawa, dambe, rawa, tafiyar doki a hawan sallah. Ina jin haushi idan na ga an ɗauki ɗan kokawa daga ƙirji zuwa sama, alhali kayen duka a ƙafa da ƙugu yake. Akwai kuma wadda ake yankewa daga gwiwa, wadda masu sharhin fim na Faransa suka laƙaba wa suna ɗaukar Amurka, saboda fina-finan kaboyi sun yawaita amfani da ita don bindigar da ke rataye a ƙugu ta fito. Mu ba bindigar kaboyi gare mu ba, amma muna da babbar riga, kuma aikin da ke gabanta da yadda ake saɓa hannunta a kafaɗa ba sa fita sosai sai a irin wannan yankan.

Ɗaukar tsaka-tsaki, daga ƙugu zuwa kai, ita ce tuwon fim, kullum ana ci. Nisan da mutum ke tsayawa ne idan yana hira da maƙwabcinsa. Hannu yana fita, fuska tana fita, ana kuma ɗan ganin inda ake. Ba ta buƙatar dogon bayani, illa dai a ce yawancin fina-finanmu sun jingina da ita fiye da kima, saboda ita ce mafi sauƙi: a zaunar da mutum biyu a kujerar falo, a kunna kyamara, a yi ta zuba har fitowar ta ƙare.

Inda maganar ta fi nauyi shi ne ɗaukar kusa. Idan masuncin nan ya ɗago giwan ruwa, fuskarsa ake so, ruwa na zuba daga gemunsa, haƙoransa a waje. Labarin zuciya a tambayi fuska, in ji Bahaushe, kuma wannan karin maganar ita ce hujjar kulozof gaba ɗayanta. Wani mai shirya fim ɗan ƙasar Rasha, Lef Kuleshof, ya yi wani gwaji kimanin shekaru ɗari da suka wuce wanda har yau ake koyarwa. Ya ɗauki fuskar ɗan wasa guda ba yabo ba fallasa, ya haɗa ta da hoton kwanon miya, ya sake haɗa ta da hoton yarinya a akwatin gawa, ya kuma haɗa ta da hoton wata mace a kishingiɗe. Masu kallo suka ga yunwa a ta farko, baƙin ciki a ta biyu, sha'awa a ta uku, alhali fuskar ɗaya ce. Ma'anar ɗauka ke nan tana rataye da wadda ta gabace ta da wadda ta biyo ta. A ɗauki fuskar manomin fadama a Suru ko Bunza, a biyo ta da shinkafa ta nuna jawur, za a ga godiya. A biyo ta da ambaliya ta shanye gonar, za a ga tashin hankali, ko da shi bai motsa gira ba.

To, amma a nan ne nake ganin muna kwafar darasi ba tare da mun auna shi da rayuwarmu ba. Littattafan koyar da fim sun ginu ne a kan mutanen da ke kallon juna ido cikin ido, masu fitar da abin da ke ransu a fili. Mu kuwa muna da kunya da kara. Budurwa ba ta ɗaga ido ta kalli surukarta. Ɗa ba ya zuba wa mahaifinsa ido yana magana. Amarya a ranar kai ta ɗaki fuskarta a lulluɓe take. Matar da aka yi wa rasuwa a cikin takaba ba a gaban kowa take kuka ba. Idan darakta ya nace sai ya cusa kyamara a fuskar irin waɗannan, abu biyu ne zai faru: ko dai ya sami hoton goshi da gashin ido, ko kuma ya tilasta wa 'yar wasa ta ɗago ta yi wani kallo da babu 'yar Bahaushe mai tarbiyya da za ta yi shi a wannan hali. Nan take mai kallo zai ji a jikinsa cewa ƙarya ake yi, ko da bai iya faɗin dalili ba.

Labarin zuciyarmu sau da yawa a hannu yake da ƙafa. Ku lura da yarinya idan an kira ta gaban iyaye ana maganar aurenta: babban yatsan ƙafarta yana tonon ƙasa, hannunta yana murza bakin mayafi. Ku lura da dattijo idan an kawo masa mummunan labari: carbin da yake ja ne zai tsaya cak, ɗan lokaci, sannan ya ci gaba da sauri fiye da da. Uwa da ranta ya ɓaci ba lalle ta ce uffan ba, amma yadda muciya ke bugun tukunya ya canja. Waɗannan su ne wuraren ɗaukar ƙurewa, wadda ke cika allo da abu guda ƙarami. A wata ƙasa ido ake ƙurewa da leɓe. A Gwandu ko Talata Mafara, carbi da bakin mayafi za su fi faɗin gaskiya. Ba ina cewa a daina ɗaukar fuska ba ne. A adana ta, a fito da ita a lokacin da mai kunyar ya kasa daurewa ya ɗago. A nan ne take da tsada.

Akwai kuma matsalar gilashin kyamara da ya kamata masu ɗauka da waya su sani. Babban gilashin yawancin wayoyi mai faɗin gani ne, kuma irin wannan in aka matso da shi dab da fuska sai hanci ya kumbura, kunnuwa su ja baya, mutum ya fita daga kamanninsa. Masu sana'a sukan ja baya su yi amfani da dogon gilashi, kamar mai milimita 50 zuwa 85, don fuska ta zauna daidai. Dogon gilashin nan yana da wata ɗabi'a kuma: yana matse nisa, ya sa abin da ke baya ya zama kamar yana manne da na gaba. Shi ya sa in aka hango kasuwar Jega ko ta Gusau da shi daga nesa, sai cinkoson ya ninka yadda yake a zahiri. Rana ma tana da nata hukuncin. Da tsakar rana a ƙasarmu, hula da rawani suna jefa inuwa a kan ido, farar shadda kuma tana ƙwace hasken duka ta bar fuska a duhu. Ɗaukar kusa ta fi kyau da hantsi ko bayan la'asar, ko a inuwar bedi.

Mu koma kan tsayi, inda muka faro. Ƙa'idar da aka saba ji ita ce: kyamara ta kalli mutum daga ƙasa, ya yi girma da kwarjini, ta kalle shi daga sama, ya ƙanƙance ya yi rauni, ta tsaya daidai idonsa, ku zama tsara. Gaskiya ne. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, "daidai ido" a fim ɗin Amurka yana nufin idon mutumin da ke tsaye ko ke zaune a kujera. Mu rabin rayuwarmu a ƙasa take. A ƙasa ake cin tuwo, a ƙasa ake ɗaurin aure, a ƙasa ake karatun allo da zaman makoki da fadanci. A wurinmu babba ne ke zaune, ƙarami ya zo ya durƙusa. Wanda ya kafa kyamara a tsaye a irin wannan wuri ya maida kowa abin dubawa daga sama.

Ba mu muka fara cin karo da wannan ba. Yasujiro Ozu, daraktan Japan da ya rasu a 1963, ya shahara da ajiye kyamararsa can ƙasa, kusa da tsayin mutumin da ke zaune a kan tabarmar gidajensu, kuma da wuya ya motsa ta. Mutanensa a ƙasa suke zama, sai ya sauke kyamarar ta zauna tare da su. Mai kallon fim ɗinsa yakan ji kamar baƙo ne da aka shimfiɗa wa tabarma a cikin ɗakin. A ganina matasanmu masu shirya fim za su fi ƙaruwa da wannan darasi fiye da duk wata dabarar jujjuya kyamara da suke gani a fina-finan faɗa.

Wannan batu ya wuce wasan kwaikwayo, kuma a nan ne yake yi mini ciwo. Shekarun nan na rashin tsaro a Zamfara, hotunan mutanenmu da suka baro ƙauyukansu sun cika intanet. Ku duba yadda ake ɗaukarsu. Mai waya yana tsaye, su suna zaune a ƙasa a harabar wata makaranta, ana haska su daga sama kamar ana ƙidayar kaya. Sannan a zuƙo fuskar tsohuwa tana hawaye, a riƙe ta a haka har sai ta kau da kai. Matar nan tana da gida da rumbu da jikoki kafin wannan rana, kuma da a ɗakinta ka same ta, durƙusawa za ka yi ka ce "Inna, ina wuni." Me zai hana mai ɗaukar ya durƙusa yanzu? In ya sauko daidai idonta, ya ɗan ja baya, ya nemi izininta, labarin da zai fito na mutum ne da aka zalunta, mai cikakken mutunci, kuma shi ne ya fi shiga zuciya.

Idan mutum biyu suna magana, akwai ɗaukar kan kafaɗa, inda ake ganin ƙeyar ɗaya da fuskar ɗayan, sannan a juya. Akwai mai haɗa su biyun a hoto guda, wadda ke nuna kusanci ko tazarar da ke tsakaninsu. Ita wannan tazarar ma magana ce a wurinmu: nisan da suruki ke bari tsakaninsa da surukinsa, ko saurayi da budurwa a zance, in aka yanka kowa shi kaɗai ya ɓace. Akwai kuma ɗaukar idon jarumi, inda kyamara ke zama idonsa mu ga abin da yake gani. Duk waɗannan suna ƙarƙashin wata doka da ake kira dokar digiri 180. A ƙaddara an ja layi a ƙasa tsakanin masu maganar biyu. Kyamara ta zaɓi gefe ɗaya ta zauna a can. In ta tsallaka, wanda ke duban dama zai koma duban hagu, su biyun su zama kamar wuri ɗaya suke fuskanta. Masu kallon ƙwallo sun san wannan ba tare da an koya musu ba: manyan kyamarorin fili a gefe guda suke, don da za a riƙa tsallakawa, ba wanda zai gane wace raga kowace ƙungiya ke ci.

Karkatacciyar ɗauka, wadda ake kwantar da kyamara gefe har bango ya zama kamar zai faɗi, ta yi suna ne a fina-finan Jamus na shekarun 1920, don nuna ruɗewa ko taɓin hankali. Yaji ce. Kaɗan ake barbaɗawa.

Game da motsi, kyamara tana iya waiwayawa dama da hagu daga inda take, ko ta ɗaga kai ta sunkuyar, ko a tura ta a kan taya ta bi mai tafiya. Tura kyamara da zuƙowa da zum ba abu ɗaya ba ne, ko da yake ana yawan haɗa su. In ka tura, kai ne ka taka ka matsa, abubuwan gefe suna wucewa, ɗakin yana buɗewa. In ka zuƙo, hoton kawai ka kumbura kana nan inda kake, abin da idon ɗan Adam ba ya yi. Shi ya sa bidiyon bikin da ake ta zuƙowa ana saki yake sa jiri. A tsakiyar shekarun 1970 wani Ba'amurke, Garet Burawun, ya ƙirƙiro na'urar Steadicam da ake ɗaurawa a jiki a yi tafiya da kyamara ba girgiza. Jikanyarta ce 'yar gimbal ɗin da samari ke riƙe waya da ita yau a wurin kamu. Ɗaukar hannu mai ɗan rawa kuwa tana da tarihi a kan koginmu. Jan Rush, Bafaranshen da ya shafe rayuwarsa yana ɗaukar fim a Nijar, ya bi kogin Kwara a kwale-kwale daga mafarinsa har teku tsakanin 1946 da 1947, tafiyar da dole ta ratsa ta ƙasar Yawuri. A hanya ya rasa ƙafafun kyamararsa, ya ci gaba da ɗauka a hannu, abin da ya zame masa salo har ƙarshen aikinsa.

Yau kuma duron, ɗan jirgin nan maras matuƙi mai ɗauke da kyamara, ya shigo, kowa yana son hangen shaho. A Matan Fada ko a Rigatar Yawuri, inda jiragen ruwa ke tsere, babu abin da ya kai shi, haka in ana son nuna girman dutsen Kwatarkwashi ko faɗin madatsar Bakolori. Sai dai tashinsa yana buƙatar izinin hukuma, balle a yankin da ke fama da matsalar tsaro, kuma akwai abin da ya fi izinin hukuma: gidajenmu masu tsakar gida ne a buɗe, katanga aka yi don sirrin iyali. Duron da ya bi ta saman unguwa ya shiga inda ko maƙwabci sai ya yi sallama.

Sabon ƙalubalen shi ne wayar da ake riƙewa a tsaye. Allon talabijin kwance yake, faɗi 16 tsayi 9. TikTok da ire-irensa sun juya shi, faɗi 9 tsayi 16. A wannan siririn hoto mutum ɗaya a tsaye yana shiga lafiya lau, amma sahun masunta ba ya shiga, majalisar dattawa ba ta shiga, mutum biyu a kan tabarma da tazarar girmamawa a tsakaninsu ba sa shiga sai an matse su. Ƙanen nan nawa yanzu kowace fitowa sau biyu yake ɗaukarta, ɗaya a kwance don YouTube, ɗaya a tsaye don waya. A ta tsayen, fitowar zaure ta gagare shi: in ya saka uban, ɗan ya fita, in ya saka ɗan, uban ya fita. Dabarar da ya samu ita ce ya koma bayan saurayin ya zauna a ƙasa, ƙeyar yaron a sunkuye ta cika ƙasan hoton, fuskar dattijon da rawaninsa suka hau sama, ƙofar zaure da haskenta a bayansa.